Ruwan Rini da Kawunnai Uku

To, tunda an yi la'asar, rana ta yi sanyi, ku gyara zama. Yau ba hirar farashin hatsi za mu yi ba. Labari zan ba ku, in na kai ƙarshe in ajiye muku shi a gaba, kowa ya faɗi abin da hankalinsa ya ba shi. Abin da nake roƙo ɗaya ne, kada wani ya yanke hukunci kafin in rufe baki.

Akwai wani gari da ake kira Kwarin Shuni, garin marina ne tun kaka da kakanni. Rafi ya bi ta gabas da shi, ya gangara zuwa wani ƙauye na masunta da masu lambu, sunansa Gidan Koma. A da, da ganyen baba ake rini. A jiƙa shi da toka a ramukan karofi, in ruwan ya mutu a kwashe a zubar, ƙasa ta shanye, ba abin da ya sami kowa. Sai zamani ya zo da garin rini na kanti, wanda ake kawowa a gwangwani: ja, kore, ruwan goro, shuɗi mai ƙyalli. Aikin da baba ke ɗaukar kwanaki, wannan kafin azahar ya gama shi. Kasuwa ta buɗe. Fatake suka riƙa zuwa daga nesa, gidajen marina suka yi rufin kwano, samari suka hau babura. Ruwan da aka gama rini da shi kuwa, sai a sake shi cikin rafi. Har ta kai mutanen Gidan Koma ba sa bukatar zuwa kasuwa su san kalar da ake yayi, rafinsu kawai za su duba.

Sarkin marinan garin sunansa Malam Jatau. Mutum ne mai kyauta, mai riƙon amana, amma in ya kafe a kan magana ko raƙumi ba ya ja da shi. Yana da 'ya'ya huɗu. Hashimu ne ɗan fari, shi ya gaji sana'ar, hannuwansa har gwiwa ba su taɓa rabuwa da launi ba. Sai Tukur, wanda tun yana yaro warin karofi ke sa shi amai, ya kama noma. Sai Nafi'u, wanda ya yi boko mai zurfi a ilimin haɗa sinadarai, yana koyarwa a wata makaranta a birni. Sai autarsu mace, Barira. Uwarsu ta rasu Barira tana rarrafe, don haka yayyen nan uku su suka goya ta, su suka koya mata tafiya. Kowannensu yana ganin tasa ce.

Da ta isa aure, ita da bakinta ta ce Ɗahiru take so, wani masunci na Gidan Koma. Aka yi biki, aka kai ta gangare. Ba a daɗe ba kifi ya soma tasowa saman ruwa ciki a sama. Daga baya ma ya daina tasowa, don babu shi. Ɗahiru ya rataye komarsa, ya tafi ci-rani kudu, mota ta kife da su a hanya, ko gawarsa ba a kawo gida ba. Ya bar Barira da jaririya, Hindatu, a hannun tsohuwarsa, Iya Tabawa.

Mutanen Gidan Koma ba su da famfo. A yashin bakin rafi suke tona 'yan rijiyoyi su ɗebi ruwan sha, suna ganin yashi ya tace shi. Sai ƙafafun Barira suka soma kumbura, sai fuska. Aka kai ta asibitin birni, likita ya ce ƙoda ce, ya kuma tambaya wane ruwa take sha, domin ba ita ce ta farko daga wannan ƙauye ba. Aka yi magani iya ƙarfi, aka dawo da ita gida.

Wata rana da hantsi yayyenta suka je duba ta. Tana kwance a tabarma, Hindatu na wasa da gefen zaninta. Ta dubi Nafi'u ta ce, "Yaya, kai da ka yi karatu, wai launin nan ba ya mutuwa ne?"

Ya ce, "An yi shi ne don kada ya mutu, Barira. Don kada rana ta ci shi, kada sabulu ya ci shi."

Can ta ce, "To ashe Hindatu ma shi za ta sha."

Kafin sati ya zagayo Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki, yayyen suka je wurin Iya Tabawa, suka durƙusa, suka roƙi ta ba su yarinyar su riƙe. Tsohuwa ta jawo jikarta ta ɗora a cinya. Ta ce, "Ruwan gidanku ya cinye kifin ɗana, ya kore shi ya mutu a hanya. Ruwan gidanku ya cinye uwarta. Yanzu ita kuka zo ɗauka? Gidan da ya kashe uwa ba zai reni 'ya ba. Ku tashi ku ba ni wuri." Suka tashi. Da suka gaya wa mahaifinsu, Malam Jatau ya ce, "Ajali ne ya ɗauki 'yata, ba rini ba. Wanda ya sake haɗa sunan Barira da karofi a gidan nan, ni da shi ne." Daga ranar bai ƙara ambaton ta ba, amma an sha ganinsa zaune a ƙofar ɗakin da ta tashi, yana kallon ƙasa.

To, ku ji abin da kowannensu ya yi.

Nafi'u ya koma birni da maganar ƙanwarsa a kunne. A lokacin an riga an ba shi gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, abin da ya daɗe yana nema. Ya ce ya fasa. Abokan aikinsa suka yi ta ba shi baki, ya ce su bar shi.

Ya san tacewa ba ta kashe rini. In ka tace, ka raba shi da ruwa ne kawai, dafin yana nan cikin abin tacewar, kuma dole ka zubar da shi wani wuri. Abin da ake bukata shi ne a farfasa launin kansa har ya daina zama guba. Masana sun daɗe da sanin wata farar hoda, irin wadda ake sa wa fenti, wadda in haske ya sauka a kanta cikin ruwa sai ta tashi ta riƙa yayyaga rini, ita kuwa ba ta ƙarewa. Amma tana da hali. Ba kowane haske ke tashe ta ba, sai wani iri da ido ba ya gani, wanda sai da fitila ta musamman da wutar lantarki ake samunsa da yawa. A cikin hasken rana ɗan kaɗan ne. Ina Kwarin Shuni, ina wutar da za ta kunna fitilu a kan ruwan gari guda? Abin da garin ke da shi a wadace rana ce. Don haka sai an haɗa farar hodar nan da wani abu mai karɓar hasken da ido ke gani, ya karɓa ya miƙa mata.

Ya karanta cewa in aka gasa farin takin zamani a rufaffiyar tukunya da wuta mai tsanani, yakan koma wani gari rawaya mai kama hasken rana. Sai dai shi kaɗai rago ne, ya kama hasken ya saki kafin ya yi aiki. Ga mai ƙarfi da ba ta gani, ga mai gani da ba shi da ƙarfi. Faɗar a haɗa su da sauƙi. Amma nawa za a sa na wannan, nawa na wancan, da wane zafi za a gasa su har su kama juna, a kan wannan ya yi damina uku.

Ɗakin gwajin makarantarsu ba shi da murhun da zai ɗauki yawan abin da yake so, sai ya kama wata rumfa a bayan gari ya gina nasa. Takin nan in yana gasuwa wani hayaƙi yake fitarwa mai yankan maƙogwaro, mai sa ido hawaye. Yana ɗaure hanci da baki, amma hayaƙi ba ya neman izini. Ya soma tari. Akwai wata yarinya da aka sa musu ranar aure da ita, ta gaji da jiran mutumin da kullum yake rumfa, iyayenta suka mayar da kaya. Bai yi musu ba.

Kullum sai ya jera kwalabe a kan katanga, kowace da ruwan rinin da aka kawo masa daga gida da irin haɗin da ya zuba mata, ya bar su a rana. Kullum ya dawo ya tarar da su yadda ya bar su, ko sun ɗan dusashe kaɗan. Wata rana ya jera su da hantsi, ya tafi aji. Da ya dawo bayan la'asar, sai ya ga kwalba ɗaya yana hango bulon katanga ta cikinta. Da farko ya zaci ta tsage ne ruwan ya zube. Ya ɗaga ya ji nauyi. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Ya zauna a ƙasa da kwalbar a hannu, yana kuka yana tari.

Duk da haka bai yarda da idonsa ba, don ya san ruwa na iya washewa dafi na ciki. Ya kai aka auna. Ya zuba 'ya'yan kifi a ciki suka rayu, ya shayar da irin alayyafo ya tsiro. Sannan ya yi dabarar manna haɗin a kan faya-fayan yumɓu da aka gasa, don kada ruwa ya tafi da shi. Ranar da ya kawo faifan farko gida, 'yan'uwansa ba faifan suka fara kallo ba. Shi suka kalla. Mutumin da ya bar gari da ƙiba ya dawo riga na yawo a jikinsa, ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya nemi numfashi. Likita ya riga ya gaya masa huhun ya taɓu, ba kuma zai koma yadda yake ba.

Wannan ke nan.

Faifai a hannu ba ya wanke rafi. Nafi'u ya ce ana bukatar fili mai faɗi a ƙasa da karofi, sama da rafi, inda za a yi tafkuna marasa zurfi, ruwa kada ya wuce idon sawu, a shimfiɗa faya-fayan a ƙasa, ruwan rini ya riƙa bi a hankali daga wannan zuwa wancan. Kuma kada inuwa ta taɓa wurin tun fitowar rana har faɗuwarta. Aka duba gabas aka duba yamma. Duk gangaren nan fili ɗaya ne ya dace, lambun Tukur.

Sai kun san lambun nan za ku san abin da ake magana. Tukur ya same shi fako ne, ko ciyawa ba ta fitowa. Shi ya kwashe duwatsun, shi ya yi ta ɗauko taki a jaki, ya haƙa rijiya a can sama inda rini bai kai ba. Ya dasa mangwaro da gwaiba da lemo da hannunsa. Shi da matarsa Ladidi Allah bai ba su haihuwa ba. Sun yi magani har sun gaji, sun dangana. Mutanen gari kan ce in kana neman Tukur kada ka je gida, je wurin 'ya'yansa. Akwai wani mangwaro a tsakiyar lambun da Barira ta dasa ƙwallonsa tana yarinya, ya girma ya fi sauran, har ana kiransa da sunanta.

Nafi'u bai iya roƙonsa ba. Ya dai faɗi irin filin da ake so, ya sunkuyar da kai. Tukur ya tashi ya tafi gida. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Ladidi ta gane. Ta ce, "Malam, in ka ba da lambun nan, me za mu ci? Me za mu kalla mu ce namu ne?"

Ya ce, "Ban sani ba, Ladidi."

Ta ce, "A bar mana ko gefe ɗaya. A bar na Barira."

Ya ce, "Na tambaya. Shi ne a tsakiya. Inuwarsa ta fi ta kowa."

Wasu suka ba shi shawara ya jira hukuma ta zo ta biya shi. Ya ce yaran Gidan Koma ba su daina shan ruwa suna jiran hukuma ba. Lokacin kuwa mangwaro ya yi 'ya'ya, wata guda ya rage a soma tsinka. Bai yarda wani ya sa gatari ba, ya ce shi ya dasa, shi zai sare. Ya fara daga bakin shinge yana shigowa ciki. Ladidi ta tsaya daga nesa da mayafi a baki. Na Barira ya bari ƙarshe. Waɗanda suke wurin sun ce ya daɗe tsaye da hannu a jikin itacen kamar mai sallama da mutum, sannan ya ɗaga gatari. Da itacen ya faɗi, ya ajiye gatarin a nan, bai ƙara ɗaukarsa ba.

Shi ya haƙa tafkunan tare da 'yan Gidan Koma, shi ya tona saiwoyin da ya yi shekaru yana shayarwa. Daga nan mai lambu ya koma ɗan ƙodago, yana noma a gonakin mutanen da a da suke zuwa roƙon dashe a wurinsa. Ladidi ta kama sayar da ƙuli-ƙuli. Wata rana su ci sau biyu, wata rana sau ɗaya. Ba a taɓa jin ya yi da-na-sani ba, amma ya canza hanya, ba ya bi ta gangaren.

Wannan ke nan.

To ga faifai, ga tafki, ga rana. Saura ruwan rini ya shigo. A nan aka tsaya cik. Karofin garin ba ɗaya ba ne, kowane gida da magudanarsa zuwa rafi. Sai an toshe su duka, an haƙa babbar kwata ɗaya ta kai ruwan tafki. Marina suka ce ba za su yi ba. Ba wahalar haƙa suke gudu ba. Sun san duk wanda ya juya ruwansa ya amsa ke nan cewa ruwan ne ke kashe mutane, in kuwa aka amsa, wa ya san inda maganar za ta tsaya? Malam Jatau ya fi kowa kafewa, kuma ku yi masa adalci: in ya yarda rini guba ne, ya yarda da hannunsa ya kashe autarsa. Wane uba ne zai iya haɗiye wannan?

Mutanen Gidan Koma suka kai ƙara wurin hakimi. Aka tara garuruwan biyu a ƙofar fada. Marina suka haɗa baki suka ce su ɗan abin da suke zubarwa bai taka kara ya karya ba, dattin daga wasu garuruwa na sama yake zuwa. 'Yan Gidan Koma ba su da shaida sai kaburbura. Nafi'u ya yi bayanin awo, aka ce ɗan boko ne, ya daɗe da raina sana'ar ubansa. Hakimi ya ce shi ba zai toshe abincin gari guda a kan zato ba. Har ya soma gyara riga zai tashi.

Hashimu yana zaune a bayan mahaifinsa, inda magaji ke zama. Kowa ya san shi ne sarkin marina na gobe. Yana da mata da 'ya'ya, yana da ramuka, yana da fatake masu jiransa. Sai ya miƙe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. Ruwan namu ne. Babu wani gari a sama da ke rini. Ni nake buɗe magudanar gidanmu, na san abin da ke fita. In an yi ruwan sama mukan saki har da na ƙasan rami, mai kauri, don ambaliya ta ɓoye shi. Kowa a nan ya sani. Na taɓa bin rafin da ƙafa har rijiyar da ƙanwata ke ɗiba, na ga yashinta ya rine. Na gani, na dawo na ci gaba da aiki."

Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tunda aka haifi Hashimu, Malam Jatau bai taɓa furta sunansa ba, sai dai ya ce "Babba" ko "wannan yaron". Ranar, a gaban garuruwa biyu, tsohon ya juyo ya dube shi ya ce, "Hashimu." Ya sake cewa, "Hashimu. Ka ce ni na kashe ta."

Ya ce, "Baba, mu muka kashe ta. Ni da kai da kowa."

Malam Jatau ya ce, "To daga yau ba ni da ɗa mai wannan suna." Ya dogara sandarsa ya bar fada ba tare da an sallame shi ba.

Hakimi ya yanke hukunci a toshe kowace magudana, a haƙa kwata ɗaya. Ya kuma roƙi mutanen Gidan Koma su bar maganar abin da ya wuce, suka bari, ba don zuciya ta so ba. Marina suka bi umarni, amma ba su yafe ba. Aka karɓe ramukan Hashimu. Ya yi sallama a majalisa a amsa a ciki-ciki, ya shiga sahu a masallaci na kusa da shi ya matsa. Yaransa suka daina fita wasa saboda abin da ake kiran ubansu. Ƙarshe ya kwashi iyalinsa ya koma wani gari mai nisa inda ba a san shi ba, yana wanki da guga a bakin kasuwa.

Shekara ba ta cika ba Malam Jatau ya kwanta ciwo. Hashimu ya zo, ya tsaya a zaure, aka shiga aka faɗa, aka fito aka ce masa ya koma. Ya koma. Bayan kwana kaɗan tsohon ya cika. Wata jikarsa da ke ɗakin ta ce kafin ya rasu ya yi ta duban ƙofa yana cewa "Babba". Matar da ke jinyarsa ta ce ba ta ji haka ba, salati kawai yake yi. Ni ban sani ba. Hashimu ma bai sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba a duniyar nan.

Wannan ke nan.

Ruwa ya soma shiga tafkin farko baƙi ƙirin, ya fita na ƙarshe ana ganin faifan da ke ƙasa. Ran da aka yi hadari sai a tare shi a jira rana. Nafi'u ya hana a sha tukuna, ya ce yashin rafi ya daɗe yana shan dafi, sai ambaliya ta wanke shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kwaɗi suka fara dawowa. Bayansu wani tsoho ya jefa koma don gwaji, ya fito da 'yan tarwaɗa, ya tsaya yana kallonsu kamar bai taɓa ganin kifi ba. Aka sake awo, aka ce rijiyoyin sun gyaru. Ba a kuma kai wani sabon mai kumburi asibiti ba. Marinan Kwarin Shuni kuwa suna nan suna rininsu, ba wanda ya rasa sana'a sai mutum ɗaya.

Hindatu ta kai shekarun shiga makaranta, kamarta ɗaya da uwarta, har yadda take karkata kai in tana sauraro. Iya Tabawa kuwa ƙarfi ya ƙare, ido ya tafi, ba ta da wani ɗa ko ɗan'uwa da ya rage. Ta aika a kira mata kawunnan yarinyar su uku. Suka zo, suka zauna a tsakar gidan da aka taɓa korarsu. Rabon da su haɗu wuri ɗaya tun ranar fada.

Ta ce, "Na gaya muku magana mai zafi a wurin nan, ban kuma janye ta ba, don a lokacin gaskiya ce. Amma yau yarinyar nan ta sha ruwan rafi ta kwana lafiya. Ni tafiya ta zo. Ba zan raba ta uku ba, ba kuma zan bar ta tana yawo gida-gida kamar ƙwaryar aro ba. Gida ɗaya nake so, uba ɗaya. Wanda ya fi yi wa uwarta, shi zan ba. Ku gaya mini wane ne."

Kowannensu yana sonta kamar ransa, kowannensu kuma yana jin kunyar 'yan'uwansa. Hindatu na tsaye jikin kakarta tana dubansu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san ko ɗaya ba sosai. Da ta ga babu mai cewa shi ne, tsohuwa ta ce a kira dattawan garuruwan biyu su raba gardama.

Dattawa suka zauna, suka kasu uku. Wasu suka ce Nafi'u, domin ba don shi ba da babu abin da za a shimfiɗa a tafki, kuma ya biya da numfashinsa. Aka ce musu, to mutumin da ba shi da mata, wanda ba a san ko zai ga aurenta ba, a ba shi marainiya ta sake zama marainiya? Wasu suka ce Tukur, domin ba don shi ba da faifan yana nan jingine a rumfa, ga shi kuma shi da Ladidi ba su da ɗa, za su riƙe ta kamar ƙwai. Aka ce musu, to gidan da ba kullum ake ɗora tukunya ba? Kuma lada ake rabawa ko tausayi? Wasu suka ce Hashimu, domin ba don shi ba da tafkin ya bushe babu ɗigon rini a ciki, kuma lafiya da dukiya duk ƙananan abubuwa ne a kan albarkar uba. Aka ce musu, to ai da bakinsa ya ce ya ga yashin rijiyar ya rine ya koma aiki. Kuma a kai yarinya garin da ba dangin uwa ba na uba, gidan da fushin mahaifi ke kansa?

Rana ta faɗi ba su daidaita ba. Tsohuwa na kwance tana jira, kwanakinta kuma ba su da yawa.

To, jama'a, na kawo ku inda dattawan suka tsaya. Ɗaya ya ba da huhunsa, ɗaya ya ba da lambunsa, ɗaya ya ba da ubansa. Cire ɗaya, rafi yana nan da launinsa. In ku ne Iya Tabawa ta kira, hannun wa za ku ɗora hannun Hindatu a kai?